Abubuwan da ya kamata ka sani game da matsi da ƙanƙara a tankin ruwan naitirojin

Duk inda aka ajiye ruwan naitirojin, to tafasa yake yi. Ko tankin sabo ne fil, ko an sa shi a ɗaki mai sanyi, tafasar ba ta tsayawa dare da rana, domin wannan ruwa yana tafasa ne a digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Kowace lita ɗaya da ta ƙone kuma tana komawa iska kusan lita 700. Daga nan duk wata matsalar tanki take tasowa: zafi ya shiga, ruwa ya zama iska, iska ta nemi hanyar fita. Matsin da kake gani a geji da farar ƙanƙarar da kake gani a jikin ƙarfe duk labarin shigar zafin suke ba ka.

Masu hulɗa da wannan ruwa sun fi yadda ake zato yawa. Akwai likitocin dabbobi da ke ajiye maniyyin bijimai don barbarar zamani, irin aikin da cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana yi. Akwai asibitocin taimakon haihuwa, da ɗakunan bincike, da likitocin fata, da masana'antun daskarar da abinci. Mafi yawansu ba injiniyoyi ba ne, an dai miƙa musu tanki an ce su kula da shi. Su nake yi wa wannan bayani.

Yadda aka ƙera tankin

Idan ka san filas ɗin shayi, ka san asalin tankin, domin dabara ɗaya ce, kuma masanin kimiyya James Dewar ɗan Sikotilan ne ya fito da ita a 1892 don ajiye irin waɗannan ruwaye masu tsananin sanyi. Tukunya ce a cikin tukunya. Tsakaninsu akwai gurbin da aka zuƙe wa iska, aka naɗe shi da siraran mayafai masu mayar da zafi baya. Wannan zuƙaƙƙen gurbi shi ne ran tankin. Muddin yana nan, jikin tankin na waje zai kasance a bushe, ɗuminsa daidai da na ɗaki. Ranar da iska ta kutsa cikinsa, tankin ya zama tukunyar ƙarfe kawai.

Tankunan iri biyu ne, kuma dole ka san wanne ke gabanka. Na farko shi ne ƙaramin nan mai buɗaɗɗen wuya, mai cin lita 20 zuwa 35 ko sama kaɗan, wanda ake ajiye maniyyi ko samfurin bincike a ciki. Ba shi da geji, ba ya tara matsi, marfinsa ma da gangan aka yi shi sako-sako don iska ta riƙa sulalewa. Na biyu shi ne babbar silinda mai cin lita 160 zuwa 240, da yayarta da ake kafawa a harabar masana'anta. Wannan a rufe take ruf, kuma matsin cikinta ne ke turo ruwa ko iska waje. A kanta za ka ga tarin bawul-bawul: na fitar da ruwa, na fitar da iska, na sassauta matsi da hannu, da na ƙara matsi. Sai regileta mai daidaita matsi, da geji, da masu gadi biyu: bawul ɗin tsira mai buɗe kansa idan matsi ya kai iyaka, da faifan tsira, wani siririn ƙarfe da aka yi don ya fashe idan bawul ɗin ya kasa.

Hanyar ƙara matsi ita ce wadda ta fi rikita mutane. Wani bututu ne ke ɗiban ruwa kaɗan daga gindin tukunyar ciki, ya bi da shi ta jikin bangon waje inda zai sha ɗumi ya zama iska, sannan ya mayar da iskar saman ruwan. Ka riƙe wannan, domin rabin ƙanƙarar da ke tayar wa mutane hankali daga wannan bututu take.

Tanki yana huci: lafiya ko matsala?

Silindar da aka ajiye ba a amfani da ita dole matsinta ya riƙa hawa a hankali har ya kai inda aka saita bawul ɗin tsira. Sai bawul ya buɗe, ka ji huci na ɗan lokaci, ka ga farin hayaƙi, ya rufe. Wannan aikinsa ke nan, ba lalacewa ba ce. Silindar da aka tanada don ɗiban ruwa yawanci ana saita bawul ɗinta a psi 22 (psi ma'aunin matsi ne), don haka tana yawan huci. Wadda aka tanada don ba da iska kuwa ana saita ta a psi 230 ko 350, tana iya yin kwanaki ba ta ce uffan ba.

Abin dubawa shi ne tsawon hucin da kuma abin da geji ke nunawa a lokacin. Idan bawul yana huci ba ƙaƙƙautawa alhali allurar geji tana ƙasa da lambar da aka buga a jikin bawul ɗin, to bawul ɗin ne ya ƙi zama, ko dai ƙanƙara ta maƙale a bakinsa ko datti, ko kuma ya gaji. Idan kuwa allura tana kan iyaka kuma hucin bai tsaya ba, bawul yana da gaskiya, akwai abin da ke dafa ruwan a ciki.

Idan allura ta yi sama

Ka fara da abu mai sauƙi: bawul ɗin ƙara matsi a buɗe yake? Sau da yawa wani ne ya buɗe shi jiya don aiki ya yi sauri, ya tafi gida bai rufe ba. Idan regiletar da ke kan hanyar ta saki, ko an ɗaure ta fiye da kima, to tankin zai yi ta dafa kansa yana zubar da iskar ta bawul ɗin tsira, kuɗinka na tafiya a banza. Ka rufe bawul ɗin, ka buɗe na sassautawa a hankali a wuri mai iska har allura ta sauko, ka rufe, sannan ka zuba ido. Idan matsi ya tsaya ko yana hawa a hankali cikin sa'o'i, ka gano mai laifin.

Akwai wasu dalilan. Tankin da aka cika fiye da ƙa'ida ba shi da sararin da iska za ta zauna a sama, sai matsi ya yi tsalle cikin ɗan lokaci, wani lokaci har ruwa ya riƙa tsartuwa ta bawul ɗin tsira. Shi ya sa ake cika silinda a kan sikeli, ba da ido ba. Haka nan ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin matsi mai yawa a motar dillali yakan zo da ɗan ɗumi, ya yi ta tafasa bayan an juye shi. A silindar iska akwai kuma wata regileta ta biyu mai tsimi, wadda ke karkatar da iskar da ta taru a sama zuwa wurin aiki maimakon a yi asararta. Ana saita ta sama kaɗan da ta ƙara matsi, misali ɗaya a psi 125 ɗayar a 140. Idan wani ya murɗa su ya hargitsa wannan tsari, matsi ba zai daidaita ba. Kada kuma ka manta geji ma yana ƙarya. Allurar da ba ta motsi ko ka sassauta matsi ta mutu, a canza ta.

In duk ka kawar da waɗannan, kuma matsi yana komawa sama da sauri bayan ka sauke shi, ka taɓa jikin tankin. Idan ya yi sanyi ƙarara ko yana zufa, gurbin nan ya sha iska. Wannan ba gyaran gida ba ne.

Idan allura ta faɗi

Wannan ya fi sauƙin bincike. Ko dai bawul ɗin ƙara matsi a rufe yake, ko na sassautawa bai rufu sosai ba, ko ruwan ya kusa ƙarewa, ko kana jan iska fiye da yadda tankin zai iya samarwa. Tankin da aka cika yanzu da ruwa mai sanyi sosai yana buƙatar lokaci kafin matsinsa ya taso. Yoyo kuma ana gano shi da ruwan sabulu a mahaɗar bututu: inda ya yi kumfa, nan ne. Idan matsi ya sauka sifili gaba ɗaya kuma iska na fita ta kan tankin ba tsayawa, duba faifan tsira, mai yiwuwa ya fashe, kuma kafin a sa sabo sai an san abin da ya fasa shi.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne toshewar bututun ƙara matsi. Idan aka bar silinda babu komai kuma bawul a buɗe, iska mai danshi takan shiga, in aka sake cikawa danshin ya daskare ya toshe hanya. Alamarsa ita ce ka buɗe bawul ɗin ƙara matsi, ka jira, ba ƙanƙara a gindin tanki, allura kuma ba ta motsa ba. Maganinsa a juye ruwan, a bar tankin ya huce, a busa masa busasshiyar iskar naitirojin. Rigakafinsa kuwa ya fi araha: ka mayar da silinda da ɗan sauran matsi a ciki, bawul duka a rufe.

Yadda ake karanta ƙanƙara

Farar ƙanƙarar da ke fitowa a jikin ƙarfe ba naitirojin ba ce, danshin iskar ɗakinka ne ya daskare a inda ya tarar da sanyi. Saboda haka tambaya biyu ce: a ina ta fito, kuma yaushe?

Ka tsuguna ka dubi gindin silinda lokacin da bawul ɗin ƙara matsi ke buɗe. Za ka ga wani farin zobe ya kewaye ƙasan tankin, siriri, gefensa a tsare kamar an ja layi, samansa kuma ƙarfe a bushe. Wannan sawun bututun ne, lafiya lau. Idan ana jan iska da yawa, za ka iya ganin layukan fari sun naɗe jikin tankin har sama, suna bin bututun da ke ɗumama iskar kafin ta fita. Tiyo da bawul ɗin ruwa ma dole su yi fari yayin da ake ɗiba. Duk waɗannan suna da hali ɗaya: suna zuwa da aiki, suna tafiya in aiki ya tsaya.

Ƙanƙarar da ke da matsala ita ce wadda ta ƙi tafiya. Ka rufe komai, har da bawul ɗin ƙara matsi, ka bar tankin ya kwana. In da safe zoben gindin yana nan, bawul ɗin ko regileta na barin ruwa ya wuce. In ƙanƙara ta dunƙule a kan mahaɗa guda, yoyo ne a wurin. In wani tabo guda ne a gefen tanki, musamman inda ya taɓa lotsawa, bangon waje ya matso na ciki ko mayafan sun lalace a nan. In kuwa jikin gaba ɗaya ya yi raɓa ko fari, ko ƙanƙara ta mamaye kafaɗa da wuya, gurbin ya tafi, kuma abin da ya rage maka sa'o'i ne. Ka kwashe abin da ke ciki zuwa wani tankin nan take.

Ga wani abu da littattafan masu ƙera tankunan ba su cika la'akari da shi ba, amma ya shafi duk mai aiki a Kano ko Sakkwato ko Damagaram. Ƙanƙara tana buƙatar danshi. A tsakiyar hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙamas, tankin da ya fara lalacewa zai iya yin sanyi a hannu ba tare da ya yi fari sosai ba, ka wuce shi kana ganin lafiya. A watan Agusta kuma bututu mai lafiya zai yi ta ɗigar ruwa har ka tsorata. Don haka a ƙasarmu ido kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da tafin hannu a jikin bangon waje, da kuma awo.

Kada a fasa ƙanƙara da guduma ko sukundireba, kada a kusanto da wuta. Ƙarfe da roba da yawa suna yin gautsi a irin wannan sanyi. A bar ta ta narke, ko a yi amfani da iska mai ɗumi. Sannan idan ka ga tsiraren bututu yana ɗigar wani ruwa mai hayaƙi yayin da ake juye naitirojin, wannan iskar ɗaki ce ta zama ruwa, kuma oksijin ya yi mata yawa, tunda shi yana zama ruwa tun a digiri 183 ƙasa da sifili. Idan ya ɗiga a kan mai ko giris ko kwalta, gobara na iya tashi.

Sikeli da littafi

A ganina wannan shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Gurbin tanki yakan mutu a hankali cikin shekaru, kuma tun kafin ƙanƙara ta bayyana, yawan ruwan da yake sha a rana ya riga ya ƙaru. Lita ɗaya ta ruwan naitirojin tana da nauyin kusan giram 800. Silinda mai lita 180 tana ɗauke da kusan kilo 145, kuma mai lafiya tana asarar kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 a rana, wato kilo 2 zuwa 3. Ka auna ta yau, ba a taɓa ta ba ka sake aunawa gobe war haka, ka gwada da lambar da kamfanin ya rubuta. Idan asarar ta ninka, tankin yana sallama da kai.

Ƙaramin tankin maniyyi kuwa da sanda ake auna shi. A samu baƙar rula ta roba ko ta katako, a zura ta a hankali har ƙasa, a jira daƙiƙa kaɗan tafasar ta lafa, a zaro a kaɗa ta a iska. Nan take farin layi zai fito ya nuna inda ruwa ya tsaya. Kada a zura bututu mai rami, domin ruwan zai biyo ta cikinsa ya feso maka a fuska. A rubuta awon da kwanan wata a littafi duk mako. Irin wannan tanki mai lafiya ba ya shan fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na lita a rana idan ba a buɗe shi, shi ya sa yake kai watanni. Ga wanda ke nesa da inda ake sayar da ruwan, littafin ne zai gaya masa ranar da zai kama hanya, kuma bai kamata ya jira ruwa ya sauka kusa da santimita 5 ba.

Wuyan wannan ƙaramin tanki shi ne lagonsa, domin a kansa tukunyar ciki take rataye. Ja a ƙasa, kwantar da shi a but ɗin mota, ko barinsa yana bugun ƙarfe a kan hanya mai gargada, duk suna tsaga wuyan. A ɗaure shi a tsaye da abu mai laushi a ƙarƙashi. A ɗaki kuma a ɗora shi a kan katako, don danshin daɓen siminti yana cin gindin alminiyon. Idan marfi ya ɓace kada a toshe bakin da tsumma ko leda, kada kuma a bar shi a buɗe, domin danshi zai iya daskarewa ya toshe wuyan, tankin da ba a yi shi don matsi ba ya koma tara matsi. Wajen zaro maniyyi, gwangwanin da maniyyin ke ciki kada ya wuce layin ƙanƙarar da ke cikin wuya, kuma a mayar da shi cikin daƙiƙa 5 zuwa 8. Ƙwayoyin maniyyin suna fara lalacewa da zarar sun ɗumama sun haura digiri 130 ƙasa da sifili, kuma ba za ka sani ba sai saniya ta ƙi ɗauka.

Abin da ya faru inda aka rufe wa tanki baki

A ranar 12 ga Janairun 2006, cikin dare, wata silindar ruwan naitirojin ta tarwatse a ginin sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar Texas A&M a Amurka. Bincike ya nuna bawul ɗin tsira da faifan tsira duk sun lalace tun da farko, sai aka cire su aka toshe gurbinsu da ƙarfe. Silindar ta huda rufin kankare, ta farfasa ginshiƙin da ke ƙarƙashinta, ta ture bango. Babu wanda ya mutu saboda babu kowa a ɗakin. Wanda ya toshe ramukan nan wataƙila hucin ne ya dame shi. Haɗari irin wannan yana nan a ƙarami ma: ruwan da ya maƙale a tiyo tsakanin bawul biyu rufaffu zai fasa tiyon, shi ya sa ake sa wa kowane irin wannan yanki nasa ƙaramin bawul ɗin tsira.

Ba fashewa ce kaɗai illar gazawar tanki ba. A farkon Maris na 2018, a ƙarshen mako guda, tankuna biyu suka gaza a asibitocin taimakon haihuwa biyu na Amurka. A na University Hospitals da ke kusa da Kilibilan, ƙwayayen haihuwa fiye da 4,000 na iyalai kusan 950 suka lalace, kuma asibitin da kansa ya amsa cewa ƙararrawar da ya kamata ta sanar da ma'aikata a kashe take. A San Faransisko, shari'ar da ta biyo baya ta kai ga hukuncin diyyar kusan dala miliyan 15 ga mutum biyar a 2021. Idan haka ta faru a inda lantarki ba ya yankewa, to wanda ke aiki inda ake ɗauke wuta kullum ya tabbata ƙararrawarsa tana da batir, yana gwada ta, kuma akwai tankin ko-ta-kwana a cike a gefe.

Iskar ɗakin

Naitirojin ba guba ba ne, shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Illarsa ita ce yana korar oksijin, kuma ba shi da wari ko launi. Oksijin a iska kusan kashi 21 ne, ƙasa da 19.5 an shiga haɗari. A ɗaki mai faɗin mita 3, tsawon mita 4, tsayin mita 3, lita 10 kacal in ta zube za ta sauke oksijin zuwa kusan kashi 17. Silinda mai lita 180 kuwa iskarta ta ninka girman ɗakin sau uku da rabi. Mutum ba ya jin ƙuncin numfashi, jiri ne kawai sai faɗuwa. A ranar 28 ga Janairun 2021 ma'aikata shida suka mutu a wata masana'antar sarrafa kaji a garin Gainesville na jihar Jojiya, bayan ruwan naitirojin ya ambaliya daga injin daskarewa a ɗakin da ba shi da na'urar auna oksijin.

Saboda haka duk binciken da aka lissafa a sama a yi shi a wuri mai iska, da gilashin kare fuska, da safar hannu mai kauri wadda za a iya zarewa da sauri, da rufaffen takalmi, ba silifa ba. In ruwan ya ƙona fata, a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a murza, a tafi asibiti. Kada a ɗauki tanki a cikin mota gilashi a rufe. In ka leƙa ɗakin tanki ka ga abokin aikinka a kwance, kada ka faɗa ciki: ka buɗe ƙofofi da tagogi daga waje, ka yi kururuwar neman taimako, ka kira masu kayan numfashi.